PDP-11/23 da RL02: jar fitilar FAULT ta ƙi mutuwa

Laouali:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu gyara. Ina neman wanda ya san tsofaffin injunan kamfanin kwamfuta na DEC. A wurin aikinmu nan Yamai an buɗe wani ɗakin ajiya, aka tarar da tsohuwar kwamfuta PDP-11/23 da injin faifai RL02 guda biyu, da faya-fayansu a cikin akwatin ƙarfe. A jikin wasu an rubuta da biro cewa bayanan rijiyoyi ne na shekarun 1980, zurfi da yawan ruwa da sunayen garuruwa. Shugabanmu ya ce in ana iya fitar da abin da ke ciki a fitar, don takardun asali gara ta gama da rabinsu. Na haɗa injin faifai ɗaya, na kunna. Kwamfutar tana ba ni alamar @ a allo, amma jar fitilar FAULT ta RL02 tana kamawa tun daga kunnawa, ba ta mutuwa, murfin sama kuma ya ƙi buɗewa. Katunan da ke ciki su ne M8186, M8044, M8043, M8061 da M8012. Ina zan fara?

Sani na Katako:
Ka fara da neman amalanke. Kawo shi Katako mu ɗora a sikeli, ƙarfen mutanen da yana da nauyi, ba za ka koma gida hannu rabbana ba 😂

Moutari:
Kontrolan ne ya mutu, ba sai an yi dogon bincike ba. M8061 shi ne RLV12, katin kontrola da ke sarrafa RL02, ana samun na hannu a intanet. Amma tsakani da Allah kuɗin kati da kuɗin jirgi da na duwan sun fi ƙarfin abin da za ka samu. Faifan nan fa mega 10 ne kacal. Hoto uku na wayarka sun fi shi.

Malama Hadiza:
Moutari, ba girman faifan ake nema ba, abin da ke cikinsa ake nema. Kuma ta yaya ka san kati ya mutu daga nan inda kake zaune? Laouali, dakata. Bari in kira Baba Chaibou, yana cikin zauren nan, shi ya ci wannan aikin tun ba a haife mu ba.

Baba Chaibou, Tahoua:
Wa alaikumus salam. Ɗana Laouali, sannu da aiki. Injin ga na san shi, na kwana da irinshi ba sau ɗaya ba. Kahin komi ga magana guda, ka riƙe ta: diskin da ke da rubutun rijiyoyi kada ka sa shi cikin injin ga, ko da hitila ta koma daidai, sai na ce maka to. Ka nemo wanda ba a rubuta komi a jikinshi ba ko wanda anka rubuta gwaji, da shi za mu yi wahala.

Jar hitila tun daga kunnawa ba ta nuhin injin diski ya lalace. RL02 ba ya da agogon kanshi, kontrola ne ke aiko mishi da bugun agogo ta cikin kabul. In bugun bai iso ba sai shi kunna FAULT shi zauna. Ko kwamfutar ka kashe ka bar RL02 a kunne, haka za ka gani. Murhi kuwa akwai ɗan makulli na lantarki da ke riƙe shi, ba ya saki sai hitilar LOAD ta kama, don haka kada ka sa mishi ƙarhi.

Leƙa bayan injin. Akwai bakin kabul biyu. Ɗaya kabul na shiga, ɗayan mi ke ciki?

Laouali:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗayan babu komai, a buɗe yake.

Baba Chaibou, Tahoua:
To ga ɗaya. Ana jera RL02 har huɗu bisa kontrola guda, wanga na ba wancan, kuma na ƙarshen layi dole a toshe bakinshi na biyu da bushon, ɗan toshi na lantarki mai ruhe layin. Duba bayan injin na biyu da ba ka haɗa ba, bushon ɗin na can. Kashe wuta dut, ka ciro shi ka maido nan.

Laouali:
Yana can kuwa. Na mayar da shi, na kunna. FAULT tana nan daram.

Moutari:
Me na ce?

Baba Chaibou, Tahoua:
Ba ka ce komi ba tukuna, yaro. Laouali, yanzu mu tambayi katin da bakinshi. Wurin alamar @ ɗin nan ka buga 774400 ka bi shi da /. Wannan ita ce rajistar hwarko ta RLV12, wato adireshin da ake magana da katin, inda kamfani ya aje ta. Lambobin dut na lissahin takwas-takwas ne, ba za ka ga 8 ko 9 ba. Gaya mini abin da ya hito.

Laouali:
Alamar tambaya kawai ya ba ni, ya koma @.

Baba Chaibou, Tahoua:
Wato an ƙwanƙwasa ba wanda ya amsa. Ko katin ya mutu, ko ba ya samun wuta yadda ya kamata, ko haƙoranshi ba su taɓa ramin ba. Biyu daga cikin ukun ga ba su cin ko dala.

Malama Hadiza:
Nan ne wurina. Laouali, ɗauki mitarka ka auna layin bolt 5, amma ba a bakin akwatin wuta ba, a jikin kati, kan ƙafafun ɗaya daga cikin ƙananan kondansatar da ke kusa da kowace IC (baƙaƙen guntayen nan masu ƙafafu da yawa), injin yana kunne. Waɗannan katunan na irin IC ɗin da ake kira TTL ne, suna son bolt tsakanin 4.75 da 5.25. Ƙasa da haka wani kati zai yi aiki wani ya ƙi, shi ya sa ganin @ a allo ba hujja ba ce cewa wuta lafiya take. M8061 babban kati ne mai cin wuta sosai. Sannan ka juya mitar zuwa AC ka sake aunawa a wuri ɗaya. In ka ga lamba mai kauri, manyan kondansatar na akwatin wuta sun bushe.

Wani abu kuma, tun da injin ya daɗe a ajiye: a mashigar wutar gari akwai ƙananan kondansatar na takarda masu rufin roba mai haske. In sun tsufa jikinsu yana tsattsagewa, su sha laima, wata rana kana cikin aiki sai ka ji fat, ɗaki ya cika da hayaƙi mai wari. Ba su cika kashe injin ba, amma ka canza su tun kafin su ba ka tsoro.

Laouali:
Malama, 4.6 nake gani a kan M8061. A bakin akwatin wuta kuma 5.0. Na bi wayar, fulogin da ke kai wuta allon baya ya yi baƙi-baƙi a ƙafa biyu, robar wurin ta ɗan narke.

Malama Hadiza:
Ka ga inda wutar ke zubewa. Kada ka taɓa abin ƙara bolt na akwatin wuta don ka cike gibin, fulogin zai ƙara zafi ne kawai. Kankare ƙafafun har su yi haske, ka matse bakin matan su kama da kyau, in akwai sabo ka canza gaba ɗaya. Sannan ka zaro M8061 ka goge haƙoran zinaren nan da alkol da tsumma marar gashi. Ban da sanfefa, zinaren siriri ne.

Sani na Katako:
Irin wannan fulogin ina da su cikin buhu, na tsofaffin akwatunan wuta. Zo ka zaɓa, kai da ka ƙi sayar mini da injin.

Laouali:
Na dawo. Sani ya ba ni fulogi, Allah ya saka. Yanzu 4.97 a kan kati. Na goge haƙora na mayar. 774400/ ya ba ni 000200. Kuma jama'a FAULT ta mutu! LOAD ta kama, murfi ya buɗe.

Moutari:
To, na ji. Amma tsaya ku gani, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Baba Chaibou, Tahoua:
Alhamdu lillahi. 200 ɗin nan kontrola ne ke cewa a shirye nike. In diski ya hau ya zauna daidai za ta koma 201.

Yanzu kada ka yi gaugawa, nan ne ake asarar diski. Kawunan karatun RL02 biyu ne, ɗaya bisa ɗaya ƙasa, kuma ba su taɓa diskin. Iskar da juyawa ke tadawa ce ke ɗauke da su, diskin na juyi 2400 a minti, tazarar da ke tsakani kuwa ƙwayar ƙura guda ta hi ta kauri nesa ba kusa ba. Ga mu cikin hunturu, hazo ya ruhe gari, ni nan Tahoua ko masallacin unguwa ba na hangowa da sahe. In ƙura ta shiga tsakanin kai da diski, kan zai daki hwatar diskin, shi kankaro jan garin da ke riƙe rubutu, garin nan kuma shi zama sabuwar ƙura, abu na bin abu har komi shi tahi.

Don haka ka yi waɗanga. Cire marhin baya ka haska kawunan da tocila. In hwarare ne tas, madalla. In ka ga ja-ja ko ruwan ƙasa manne a jiki, an taɓa yin karo a injin ga, sai an wanke. Wanki da alkol isopropil mai ƙarhi, 90 ko sama, da ɗan tsinke mai kan soso, a hankali, kada ka tanƙwara hannun da ke riƙe kan, kada kuma ka bari kawunan biyu su haɗu da juna. Alkol na farmasi mai 70 ruwa ya yi mishi yawa, wani ma da kahur a ciki, shina barin dauɗa.

Sai matatar iska. Akwai soso na waje, akwai babbar matata ta ciki. Soson nan in ya shekara arba'in, ka taɓa shi da yatsa sai shi zama gari. Kwashe shi dut, ka zuƙe da injin shara, kada ka hura. Ka duba kuma ko an ɗaure injin don tahiya: akwai ɗan ƙarhe da ake juyawa shi tare kawuna kada su motsa, da kusoshi biyu a ƙasa masu riƙe mota. In suna ɗaure a kwance su.

Ɗakin da kake aiki kuma a ruhe taga, a yayyahwa ruwa a goge ƙasa, a kashe bantilatar. Diskin da za ka sa shi wuni cikin ɗakin tukuna, zahinsu shi zo ɗaya da na injin.

Laouali:
Baba na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kawuna farare ne, na ƙasa kaɗai ke da ɗan dishi-dishi, na goge ya fita. Soson kuwa yadda ka faɗa, ya zama garin kuka. Ba a ɗaure injin ba. Na sami faifai ɗaya da aka rubuta ESSAI, wato gwaji, a jiki. Na sa shi, na kifa murfinsa a kansa yadda hoton cikin injin ya nuna, na rufe, na danna LOAD. Ya fara juyawa, ƙarar tana hawa, sai ta tsaya a wani wuri ba ta ƙara ba, akwai kuma wani ɗan shii-shii a ƙasa. Can sai FAULT ta dawo, ya rage gudu ya tsaya.

Moutari:
Wannan karon dai motar ce. Ku bar wahalar da yaron nan. Akwai QBone, kati ne na zamani da ake sokawa a ramin Q-bus, wato inda katunan injin nan suke zama, ya yi wa kwamfutar kwaikwayon RL02 daga katin memori. Ko ma a bar ƙarfen gaba ɗaya, shirin SIMH yana kwaikwayon PDP-11 a kan kowace ordinatar, ya fi na gasken sauri.

Malama Hadiza:
Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun ba su karanta faifan da ke cikin akwatin ƙarfen Laouali. SIMH hoton faifai yake ci, wato kwafin duk abin da ke kan faifan cikin fayil ɗaya. Wa zai ba shi hoton in ba wannan injin ya juya ba?

Moutari:
A aika faya-fayan Turai, akwai masu sha'awar tsofaffin injuna da za su karanta kyauta.

Malama Hadiza:
Faifai mai faɗin inci 14, kwafi ɗaya tak a duniya, ka danƙa wa masu jifa da kaya a filin jirgi? Kuma takardun ma'aikata ne, ba na Laouali ba ne da zai sa a kwali. In nan ya gagara sai a yi wannan maganar da shugabansa.

Baba Chaibou, Tahoua:
Ku bari mu tambayi injin, shi ya san abin da ke damunshi. Laouali, kada ka kashe wuta, in ka kashe zai manta. A 774404 ka sa 3. A 774400 ka sa 4. Sannan ka buɗe 774406 ka karanto mini.

Laouali:
005210.

Baba Chaibou, Tahoua:
Yawwa. Zo mu hwasa ta, don gobe ka yi da kanka ba sai na kusa ba.

Lambar ƙarshe ita ce halin da injin ke ciki: 0 shina jiran diski, 1 shina tada gudu, 2 buroshi na shara, 3 kawuna na hita, 4 shina neman layi, 5 ya kama layi ya zauna, 6 kawuna na komawa, 7 shina rage gudu. Taka 0 ce, ya koma jira. 10 na nuhin buroshi na gida. Na hwarkon hitowa suna da buroshi mai share diski, daga baya anka daina sa shi, amma alamar ta zauna. Da kawuna na waje da ka ga 20, da murhi na buɗe da ka ga 40, babu su. 200 shina cewa ni RL02 ne ba RL01 ba. 1000 ba laihi ba ne, sanarwa ce cewa an taɓa diski, tana zama sai an share ta. Saura 4000, ita ce mai maganar: gudu bai kai ba cikin lokacin da anka ba shi. Da 10000 ce da sai mu ce kawuna sun kasa kai wa layi, wannan wata wahala ce daban.

Injin na sanin gudunshi ta wani ɗan ƙarhe mai jin maganaɗisu kusa da gindin sandar juyi, shina ƙirga tsage-tsagen da ke ƙasan diski, guda 40, ɗaya ga kowane yanki. To ko dai da gaske gudun bai kai ba, ko ya kai amma mai ƙirgar bai gani ba. Tun da kunnenka ya ji ƙara ta tsaya rabin hanya ga kuma shii-shii, ni bel nike zargi kahin mota. Bayan bel sai kondansatar ɗin motar. Kashe, cire diski, ka leƙa ƙasa.

Laouali:
Bel ɗin ya yi ƙyalli ta ciki, ya bushe, kuma ya ɗauki siffar inda ya kwanta shekara da shekaru, akwai lanƙwasa biyu da ba su miƙewa. Da yatsa ma ina zame shi a kan fulin.

Sani na Katako:
Kawo shi mu gwada da na injin ɗinki ko na fotokofi, ba a rasa mai tsawonsa.

Malama Hadiza:
Sani, kafin a je kasuwa, ba ga injin na biyu nan a gefensa ba? Laouali duba nasa.

Laouali:
Kai, Malama! Na biyun bel ɗinsa ya sauka daga kan fuli tun tuni, yana kwance a ƙasan akwatin, saboda haka bai miƙe ba, da sauran laushinsa. Na wanke fuli biyun da alkol na ɗora shi. Na danna LOAD. Ƙara ta hau har ta daidaita, na ji ƙas, farar fitila mai lamba 0 ta kama. Na sa 13 a 774404 yadda Baba ya turo mini ta waya don a share tsohon laifi, na sake tambaya: 000235. 774400 kuma 201 a ƙarshe.

Baba Chaibou, Tahoua:
235, lambar lahiya ke nan. Shekaru rabona da in gan ta. Bar shi shi yi ta juyi da diskin gwaji, ka zauna kusa ka saurara. In ka ji ƙara siririya ta ƙarhe na gogar ƙarhe, ko tin-tin, danna LOAD nan take. In ya yi awa lahiya, tsaida shi ka sake haska kawuna.

Alhaji Ousmane, mai kula da zaure:
Masu turo tallan waya da sola a tsakiyar wannan magana, na goge. Akwai ranar talla. Baba a ci gaba, muna karatu.

Laouali:
Kawuna tas bayan juyin. To ga sabuwa. Na haɗa ordinatar ta hannu da layin konsol, wato wayar da ke haɗa allo da kwamfutar, na kunna shirin PDP11GUI don in ɗauki hoton faifan gwajin. Yana ganin injin, yana cewa RL02 ne, amma da ya zo karatu sai ya tsaya da kuskure. Ko yanki ɗaya bai ɗauko ba.

Moutari:
Saurin layin ne bai dace ba, ko kabul ɗin USB ɗinka na jabu ne. Sun cika gari.

Laouali:
Yaya Moutari, da layin ne ai ko @ ba zan gani ba. Yana loda ɗan shirinsa cikin memori lafiya lau.

Baba Chaibou, Tahoua:
Aje shirin nan tukuna mu yi da hannu. Sauke diski ka sake hau da shi don kawuna su koma layin 0, ka share da 13. A adireshi 1000 na memori ka sa 123456 don mu gane in an taɓa wurin. Sannan 774402 ka sa 1000, 774404 ka sa 0, 774406 ka sa 177600, wato kalma 128, yanki guda ke nan. A ƙarshe 774400 ka sa 14, shi ne umurnin karatu. Buɗe 1000 ka gani. Kuma ɗauko mini hoton katunan yadda suke jere cikin akwati.

Laouali:
1000 tana nan da 123456, ba abin da ya canza. 774400 kuma ta fara da 1, alamar kuskure. Ga hoton.

Baba Chaibou, Tahoua:
Na gani. Dubi tsakanin M8043 da M8061, akwai rami guda wanda ba kowa. Wani ya zare kati nan wata shekara bai toshe gurbin ba.

Tambayar hali da munka yi ɗazu, kwamfuta ce ke zuwa da kanta ta karɓi amsa. Karatu ba haka ba ne. Kontrola ne ke zuba abin da ya karanto kai tsaye cikin memori, kuma kahin shi yi sai ya roƙi izinin hanya daga M8186, katin ƙwaƙwalwar injin. Izinin nan ba ya tashi sama shi dira inda ake so, bi yake rami-rami, kowane kati na miƙa ma na ƙasanshi, kamar masu miƙon bulo wurin gini: in mutum guda ya bar layi, bulo ba ya wuce wurin. Kontrolanka ya roƙa, an ba shi, izinin ya zo ramin da ba kowa ya tsaya. Akwai ɗan kati da anka yi don cike irin wanga gurbi, M9047, amma ba ka bukatarshi. Kashe wuta, ɗaga M8061 rami ɗaya sama, M8012 shi biyo shi, shi ne na ƙarshe kullum. A manyan injuna masu irin ramukan da ake kira Unibus, irin 11/34, abin ya hi haka ban haushi, don can wata ƴar waya ce a bayan allo da ake cirewa ko a maida, ba ka ganinta sai ka kwanta ƙasa da tocila.

Laouali:
Na matsar. 1000/ yanzu 000240! Ta canza!

Baba Chaibou, Tahoua:
240 ita ce kalmar hwarko ta diskin da ake tada injin da shi. Ka karanta yankinka na hwarko, ɗana.

Moutari:
To shi ke nan, sa na rijiyoyin ka tada tsarin aikin da ke kai, RT-11 ko RSX ko ma mene ne, mu ga fayilolin.

Malama Hadiza:
A'a. Ba a tada tsarin aiki daga faifan da ba shi da kwafi. Tsarin yana iya rubutu a kai ba tare da ya tambaye ka ba, ga kawuna suna ta kai da kawowa a banza. A danna WRITE PROT tun kafin faifan ya hau, fitilarta ta kama, a ɗauki hoto daga layin farko zuwa na ƙarshe sau ɗaya. Tadawa a yi ta a SIMH ɗinka da kake ta yi mana talla, a kan kwafin kwafi.

Laouali ka yi lissafin lokaci kuma. Layi 512, fuska 2, yanki 40, kowane yanki bait 256, ya kama 10,485,760. A gudun 9600 layin konsol ba ya wuce bait 960 a daƙiƙa, wato sama da awa 3 ko da ba a ɓata komai a hanya ba. Wuraren da ba komai shirin yana matse su su wuce da sauri, amma kada ka dogara da haka. Ka san halin wuta. Ka sa kwamfutar da RL02 duka a kan ondular mai ƙarfi, ba irin ƙaramin na tebur ba, don motar tana jan wuta sosai wurin tashi. In an ɗauke wuta kada ka ce bari in ƙarasa, danna LOAD kawuna su koma gida tun batir na da rai.

Baba Chaibou, Tahoua:
Malama ta gama magana. In ƙara biyu. Akwai shirye-shiryen gwaji na kamfanin, XXDP, waɗanda sunansu ya hwara da ZRL. Suna da kyau ƙwarai wurin kama laihin kontrola da na injin, amma wasunsu rubutu suke bisa diski. Diskin ESSAI kaɗai za su gani.

Na biyu, diskin RL02 ba a yi mishi sabon tsari a gida. Alamomin da kawuna ke bi su san inda layi yake tun daga masana'anta anka rubuta su tsakanin yankuna, injin ga ba ya iya sake rubuta su. In maganaɗisu ya goge su, diskin ya zama faranti. Don haka akwatin nan a nisanta shi da lasifika da manyan motoci na lantarki. Layin ƙarshe kuma nan ne kamfani ya rubuta jerin yankunan da sunka lalace tun asali, shi ma a ɗauke shi cikin hoton.

Kowane diski kahin shi hau, ka ɗaga shi wurin haske ka leƙa ta ƙohwar da kawuna ke shiga. In ka ga zobe a jikin hwatar, ko guri mai haske da jan ya tashi, aje shi gehe. Bayan kowane diski kuma a haska kawuna. Diski guda mai rauni na ɓata kai, kan kuma shi ɓata dut wanda ya biyo baya. To yanzu na ce to.

Laouali:
Labari ya yi daɗi. Na aro babban ondular daga ɗakin sabar. Faifan rijiyoyi na farko ya fita duka ba kuskure ko ɗaya. Na ba SIMH kwafinsa, RT-11 ya tashi, na buga umurnin DIR don ganin abin da ke ciki, ga fayiloli da kwanan wata na 1986 da 1987. Wasu rubutu ne zalla ana karantawa, wasu na shirin da aka rubuta da yaren kwamfuta FORTRAN ne da sai an zauna an gane yadda aka jera lambobin. Na biyun ya tsaya a yankuna kaɗan wajen tsakiya, 774400 tana ba da 104215 a wurin.

Moutari:
Turo mini na FORTRAN ɗin in shugabanka ya yarda, wannan ɓangaren nawa ne. In akwai shirin da ya rubuta su a kan faifan, layukan FORMAT, masu faɗin yadda aka jera lambobin, za su gaya mana komai.

Baba Chaibou, Tahoua:
104215: ya sami yankin, ya karanta, amma lissahin tantancewa na bayanan bai hito daidai ba. Kan yankin lahiya yake, cikin ne ya raunana. Sake karanta waɗannan yankunan kaɗai, sau da yawa, wani lokaci a karo na biyat ko na goma sai shi hito. Ka aje kowane karatu daban ko da mai kuskure ne, a gwama su, sau tari bit ɗaya ko biyu ne ke rawa. In sun ƙi, sai mu tada injin na biyu, don kawunan wani injin na iya jin abin da na wanga bai ji ba. Amma sai an nemo mishi bel, nan Sani zai yi rana.

Sani na Katako:
Ai na ce za ku dawo gare ni. Laouali kawo tsohon bel ɗin gobe bayan azahar, ka zo da zare mu auna.

Laouali:
In sha Allah. Baba, saura ɗaya. Akwai faifai na uku, a jikin murfinsa akwai wani ɗan bututu na gilashi da ya yi ja. Sauran nasu fari ne. Kuma shi ne aka rubuta wa Tahoua da Keita a jiki.

Baba Chaibou, Tahoua:
Wannan alamar hwaɗuwa ce, in diski ya sha bugu mai ƙarhi sai ta koma ja. Ba dole ne ya lalace ba, amma shina iya yiwuwa ya karkace kaɗan, kuma karkatar da ido ba ya gani ta isa ta ci kai. Shi ne na ƙarshe, bayan an kwashe dut sauran an aje kwahi wuri biyu, kuma a injin na biyu za shi hau, ba wanga ba. Kada ka taɓa shi sai na zo. Ina da bikin jikata nan Yamai ƙarshen wata, zan biyo in duba shi da idona. Ka tanadi tocila mai kyau da gilashin ƙara girma, nawa ya tsage.